Ku Tambayi Malama: 'Yar ɗakinmu ta fara rabon kayanta

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka kafe jadawalin jarrabawa wasiƙun ɗalibai suka ninka, kamar yadda suke yi kowace shekara. Huɗu na zaɓa a wannan fitowa. Ta farkon da daddare ta iso mini, kuma ban jira ranar buga mujalla ba, a daren na kira mai ita. Ta yarda in buga tambayar da amsar bayan na cire duk abin da zai sa a gane su, domin na san akwai ɗakunan ɗalibai da dama a Gusau da Talatar Mafara da Ƙauran Namoda da irin wannan ke faruwa a cikinsu, kowa ya yi gum.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a wata babbar makaranta a jihar nan. Mu huɗu ne a ɗaki. Wadda muka fi shaƙuwa da ita ta canza tun da sakamako ya fito ta ga kariyoba uku, wato darussa uku da ta faɗi sai ta sake rubuta su. Ga shi mahaifinta ya sayar da gona an biya kuɗin fansar yayanta, rajistar bana ma da ƙyar aka haɗa mata. Ta daina zuwa lakca. Abinci sai mun matsa mata. Ƙarfe uku na dare in na farka sai in gan ta ido biyu tana kallon sama. Shekaranjiya ta ba ni atamfarta ta Sallah, ta ba wata rishonta, ta ce mu yafe mata duk abin da ta taɓa yi mana. Na ce tafiya za ki yi? Sai ta ce ita dai ta gaji, da babu ita da gidansu sun huta. Daga baya ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Malama, yarinyar nan ba ta wasa da sallah, kullum tana cikin karatun Alƙur'ani, ban taɓa zaton mai addini irinta za ta yi wannan tunani ba. Ina tsoron in tambaye ta ya zama ni na sa mata abin a rai. Ina kuma tsoron karya rantsuwa. Yaya zan yi?

Daga wata ɗaliba

AMSA

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da ba ki kwana da wannan magana a ciki ba. Bari in fara da rantsuwar, tunda ita ta ɗaure miki baki. Ki karya ta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya aikata abin da ya fi alherin, ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Azumin kwana uku ba zai gagare ki ba. Za ta yi fushi da ke, wataƙila ta yi mako ba ta amsa gaisuwarki ba. Na sha ganin wannan fushin, kuma yana wucewa.

Abubuwan da kika lissafa ba na wasa ba ne. Rabon kaya, neman yafiya alhali ba tafiya za a yi ba, da cewa "da babu ni da sun huta", in suka haɗu a kan mutum ɗaya, mu a aikinmu ba ma jiran gobe. Akwai kuma abin da ke ruɗin mutane: idan bayan duk wannan kika ga ta wayi gari ta saki fuska, ta share ɗaki, tana raha da kowa, kada ki ce ai ta warware ki saki jiki. Wani lokaci natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce.

Ki tambaye ta, kuma kai tsaye. Tsoron da kike yi ni ma na yi shi. Nas ce ni da farko, kafin in koma karatu in dawo aikin ba ɗalibai shawara, kuma ranar da na fara yi wa wata yarinya wannan tambaya sai da harshena ya yi nauyi. Da sunan ciwon kai ta zo. Ta ɗosana a bakin kujera, jakarta a cinya, tana naɗe bakin hijabinta a yatsa tana warwarewa, kusan rabin awa ba ta ɗago ta dube ni ba. Na yi ta kewaye-kewaye, ya gida, ya karatu, ya barci. Da kewayen ya ƙare mini sai na ce, "Kina tunanin kashe kanki ne?" Ta saki bakin hijabin. Ta ce, "Wata biyu ke nan, Malama, ba wanda ya tambaye ni." Ta yi kuka har aka kira la'asar, sannan muka taka tare zuwa wurin likita. Abin da binciken masana ya nuna ke nan: tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda kuma yake da shi takan sauke masa wani nauyi.

Ki bari sai sauran sun fita, ki zauna kusa da ita a bakin katifa. Kada ki ce, "Ba dai wani shirme kike shirin yi ba ko?" Irin wannan tambaya ta riga ta gaya mata amsar da kike son ji, ita za ta ba ki. In ta ce e, kada ki tarbe ta da "haramun ne, ki ji tsoron Allah". Ta san haramun ne, shi ya sa ta ɓoye, kuma kunyar tunanin ma na cikin abin da ke cin ta. Kada ki ce wasu sun fi ta shiga wahala, ga 'yan gudun hijira can suna kwana a kango. Ki ce mata, "Na ji ki. Ban raina abin da kike ji ba. Ba zan bar ki ke kaɗai ba." Sannan ki ci gaba a hankali: kin tsara yadda za ki yi? Kin tanadi wani abu? Yana ina?

Kada ki tsallake wannan ta ƙarshen. Lokacin da mutum yake kan gaɓa bai cika daɗewa ba, sau da yawa mintoci ne ko 'yan awoyi, kuma in ya wuce babu abin cutarwa a kusa, mutum yakan kai safiya. Da ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da wasu magungunan ƙwari masu tsananin guba, yawan masu kashe kansu a can ya ragu ƙwarai. Ɗakunan ɗalibanmu kuwa da wuya ki shiga wanda babu kwalbar maganin sauro ko na kuɗin cizo a ƙarƙashin gado. Ku fitar da ita yau. Ku tattara duk ƙwayar da ke ɗakin, har farasitamol, ku kai ajiya wani ɗaki. Ku ukun kuma ku raba lokaci tsakaninku, in ɗaya tana lakca ɗaya tana ɗaki, ba tare da kun sa ta ji kamar an tsare ta ba.

Amma wannan kaya ya fi ƙarfin kanku ku uku, ga jarrabawa a gabanku. Dole babba ya sani yau ɗin nan: mai kula da ɗakunan kwanan mata, ko asibitin makaranta, ko sashen ba ɗalibai shawara, wanda in ba ku san inda yake ba ofishin harkokin ɗalibai za su nuna muku. Kuɗin asibiti yana cikin abin da kuka biya lokacin rajista, haƙƙinku ne. Kuma kada ki tsaya a "ki je ki ga likita". Mai wannan ciwo ko wanka nauyi yake yi masa, balle bin layin yankar kati. Ki ɗauko mata hijabi, ki riƙe hannunta, ku tafi. In kun shiga kada nauyin baki ya sa ku ce zazzaɓi ne. Ki faɗa wa likita da bakinki, "Ta ce tana son ta kashe kanta." Idan asibitin makaranta ba su da mai duba irin wannan, su ba ku takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wato FMC Gusau, ko asibitin Yariman Bakura. Asibitin ƙwararru na ƙwaƙwalwa da ya fi kusa da mu shi ne na gwamnatin tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, sai kuma na Barnawa a Kaduna.

Gida ma sai sun ji. Ki tambaye ta wa ta fi sakewa da shi, innarta ce, gwaggonta ce, ko wata yayarta. Ba lallai a fara da mahaifin ba, tunda ganin ta zame masa nauyi shi ne tushen abin da ke damun ta.

In kuwa, Allah ya kiyaye, kuka tarar ta sha wani abu, kada ku tsaya ɗura mata manja ko madara, kada ku sa mata yatsa a maƙogwaro don ta yi amai, abin yana iya zarcewa huhu. Ku ɗauki kwalbar ko kwalin, ku tari Keke Napep ko motar duk wanda ke kusa, sai sashen gaggawa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kira, amma in akwai abin hawa kada ku zauna jira.

Kin ce ba ki zaci mai addini za ta shiga wannan hali ba. Ɗiyata, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, ba ya duba tabon sallah a goshi kafin ya kama mutum. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah. Likitoci suna ɗaukar abin a matsayin ciwo idan ƙunci, ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, ya kai mako biyu kusan kullum, tare da lalacewar barci da cin abinci, da kasala, da mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani. Duk kin faɗe su a wasiƙarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar ran 'yan shekara 15 zuwa 29, wato tsararku.

Ciwon yana da magani. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyi da likita ne kaɗai zai rubuta. In an ba ta, ku riƙe mata kwalin, ku riƙa ba ta na rana-rana. Ba sa nuna aiki a kwana biyu, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kuma a wannan tsakanin ne da yawa ke cewa ba ya yi su yar. In ta samu sauƙi ma akan ci gaba da sha na watanni, kada a daina sai da sanin likita.

Maganar kariyoba da kuɗi ku bar ta sai ta ɗan dawo hayyacinta. Kariyoba ana sake rubuta ta a wuce. Da takardar likita ana iya neman ɗage semesta. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, in makarantarku na ciki ku taya ta cike takardun. Ke ma ki ci abinci, ki yi barci in an karɓe ki, ki samu wanda za ki gaya wa abin da kike ji.

Washegarin daren da na kira ta, da hantsi, mai wasiƙar ta turo mini saƙo cewa suna zaune a kan benci a asibiti su uku. Ta huɗun ta tafi lakca za ta kwafo musu.

TAMBAYA

Malama, ina wuni. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu. Bara ina dawowa daga hutu aka tare motarmu tsakanin 'Yankara da Tsafe. Kwana 38 na yi a daji kafin a biya a sako ni. An harbe mutum ɗaya a gabana. Yau wata bakwai ke nan. Da na ji ƙarar babura biyu uku tare sai gabana ya faɗi, gumi ya karyo mini, ko da a cikin aji nake. Ba na iya zama a wuri sai ina ganin ƙofa. Da daddare mafarkin dajin nake yi. Wani abokina ya haɗa ni da mai kyamis yana ba ni ƙwayar barci, da ɗaya nake sha, yanzu sai uku, da safe kuma tiramol don in iya karatu. Kowa cewa yake in gode wa Allah na dawo da rai. Ina godiya Malama, amma ji nake kamar ba ni ne na dawo ba. Haukacewa zan yi?

Daga wani ɗalibi

AMSA

Ɗana, sannu. Ba haukacewa za ka yi ba. Kwana 38 jikinka yana koyon cewa ƙarar babur mutuwa ce, barci mai nauyi haɗari ne, dole ido ya kasance a kan hanyar fita. Wannan karatun ne ya taimake ka ka rayu a can. An sako ka, amma jikin bai yarda an gama ba tukuna. Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo na firgici bayan mummunan tashin hankali, musamman a wurin sojojin da suka dawo daga yaƙi. Mutane da yawa abin yakan lafa musu da kansa cikin makonni. In ya wuce wata guda yana hana barci da karatu, lokacin neman taimako ya yi. Kai wata bakwai kake ɗauke da shi.

Kuma kuna da yawa. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. A watan Yunin shekarar aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Kebbi. A Satumban 2023 aka ɗauki ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Irinka da aka ɗauka a hanya, ɗaya biyu, suna nan a kowane aji. In an sako mutum mukan tarbe shi da kabbara, a ba shi maganin zazzaɓi, a wanke ƙafar da ta farfashe, a yi ta zuwa barka kwana uku. Daga nan kowa ya watse, shi kuma ya shiga dare shi kaɗai. Wannan abu yana ci mini rai, domin mu da ke zuwa barkan muna iya komawa bayan wata biyu mu tambayi yadda barci yake, amma ba ma yi.

Ƙwayoyin nan su suka fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Ƙwayar barci irin ta kyamis jiki yana sabawa da ita da wuri, shi ya sa ɗaya ta zama uku, kuma ba ta warkar da firgici, danne shi kawai take yi. Tiramol yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa su biyun yana iya danne numfashi mutum yana barci. Duk da haka kada ka yanke ƙwayar barcin dare ɗaya da kanka, yankewa farat ɗaya ita ma tana jawo jijjiga. Likita ne zai rage maka ita sannu a hankali. Ka je masa da kwalayen a aljihu, ka faɗi adadin gaskiya. Ba hukunta ka zai yi ba, da adadin zai san yadda zai sauko da kai.

Maganin firgicin kansa yawanci zama ne da ƙwararre. Ba za a tsare ka ranar farko a ce sai ka ba da labarin daji ba. Akan fara da koya maka yadda za ka kwantar da jiki, sannan a bi labarin kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za ka iya ɗauka, har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi cikin abubuwan da suka wuce. Wani lokaci akan haɗa da magani. Kafin ka samu ganin su, ga abin da nake koya wa ɗalibaina. In ƙarar ta zo, ka dafa benci da tafin hannu, ka shaƙi numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida. Ka faɗa a ranka ranar da ake ciki, da sunan ajin, da sunan malamin da ke tsaye a gaban allo. Ka maimaita har bugun zuciyar ya sauka. Ranar jarrabawa ka je da wuri ka roƙi mai sa ido ya ba ka kujerar kusa da ƙofa, ba abin kunya ba ne. Shayi mai kauri kuma ka bar shi daga la'asar.

Masu ce maka ka gode wa Allah ba mugunta suke nufi ba, abin da za su ce ne ya ƙare musu. Ka nemi mutum ɗaya, yayanka ko wani aboki mai riƙe magana, ka gaya masa abin da ka gaya mini. In kuma tunanin rabuwa da duniya ya taɓa gifta maka, ka koma ka karanta amsar farko, da kai ma nake.

TAMBAYA

Hajiya Malama, bayan gaisuwa mai yawa. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwa daga yankin Gummi. Ɗana na fari yana ajin ƙarshe a jami'a. Wata huɗu da suka wuce abokansa suka dawo mini da shi. Yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa ta bango, wai 'yan ajinsu sun haɗa baki sun sa masa wani abu a waya. Ba ya barci, ba ya wanka. Mun yi ruƙiyya wurin malamai uku, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu ne saboda ƙoƙarinsa. Yanzu 'yan'uwana sun ce a kai shi wani gida a sa masa mari. Uwarsa ta ce sai dai bayan ranta. Ni kuma ina tsoron in kai shi asibitin mahaukata sunan ya bi shi, har ƙannensa mata su rasa mijin aure. Me kika gani?

Daga wani mahaifi

AMSA

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. Uwarsa ta yi gaskiya, ku tsaya a bayanta. Lokacin ina aikin jinya na taɓa wanke ƙafar wani saurayi da aka ciro daga irin wannan gida. Ƙarfen ya ci idon sawun har ya yi rami, kuma duk sanda na kai hannu sai ya kare kansa da gwiwar hannu, ya ɗauka duka ne. Ciwon da aka kai shi dominsa yana nan, an ƙara masa wani. Za ku tuna a 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da tabbai a jiki. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Abin da kuka bayyana, jin muryoyi da zargin an haɗa baki, sananne ne a asibiti. Ya fi farawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekarun ashirin, daidai lokacin da yaro ke jami'a, shi ya sa mutane ke danganta shi da hassadar karatu. Wani lokaci zazzaɓi ne da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci wiwi ce ko wata ƙwaya, wani lokaci kuma ciwo ne mai zaman kansa da ke buƙatar magani na dogon lokaci. Gwaji ne zai bambance su. Abin da aka tabbatar shi ne, gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wahalar komawar mutum yadda yake. An riga an yi wata huɗu. Ku shirya cikin makon nan ku nufi Kware, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba kowa ake kwantarwa ba. Da yawa duba su ake yi a ba su magani su koma gida, suna dawowa ranar da aka sa musu.

Ba na ce ku bar addu'a ba, Alhaji. Ku ci gaba da tofi da karatu a gida da gefen gadon asibiti, ba mai hana ku. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da za a bari shi ne duka, da hayaƙi mai shaƙe numfashi, da ɗauri.

In yana maganar muryoyin kada ku yi gardama da shi, kada kuma ku ce kun ji su. Ku ce masa, "Na ga hankalinka a tashe yake, muna tare da kai." In aka fara magani kuka ga wuyansa ya sandare, ko yawu na zuba, ko ya yi sanyi fiye da kima, kada ku ce asibiti sun lalata shi ku zubar da maganin. Ku koma ku faɗa, akwai gyaran da ake yi, a rage ko a canza.

Kada ku manta da makaranta. Ku rubuta takardar neman ɗage karatu, ku haɗa da rahoton likita, ɗaya daga cikin abokansa ya kai wa shugaban sashensu. In aka yi shiru za a yi ta rubuta masa rashin halartar jarrabawa, alhali saura shekara ɗaya ya gama. Na ga waɗanda suka koma bayan shekara guda suka kammala. Batun ƙannensa kuwa, mutanen gari sun riga sun ga halin da yake ciki. Su gan shi ya yi wanka ya fito sallar Juma'a tare da ku, shi ne zai fi taimakon 'yan matan nan.

TAMBAYA

Malama, in na je ofishin masu ba da shawara, za a rubuta a fayil ɗina na makaranta? Ina tsoron malamanmu su ji, ko maganar ta kai ga dangin wanda zan aura.

Daga wata ɗaliba

AMSA

Ɗiyata, ƙa'idar aikinmu riƙe sirri ce. Abin da mai ba da shawara ya rubuta ba ya shiga takardar sakamakonki, kuma ba shi da hurumin kai shi ga malamin aji ko wani na waje. Babban wurin da ake buɗe sirrin shi ne: idan ranki ko ran wani na cikin haɗari. Ko a nan ma, mai aikin kirki zai fara gaya miki, ya tambaye ki wa kike so a kira. Kina da damar ki tambaya tun ranar farko, "Wa ke ganin abin da kuke rubutawa, kuma a ina ake ajiyewa?" Kina da damar ki ce mace kike so. In kika tarar wanda ke ofishin ɗan unguwarku ne, ko ranki bai kwanta da shi ba, ki yanki kati a babban asibiti cikin gari ki nemi ganin likita. Ba sai kin shirya jawabi kafin ki je ba. Ki yi sallama ki zauna ki ce, "Ba na barci, kuma ban san ta inda zan fara ba." Sauran tambayoyin mu za mu yi.